Wace Ce Wannan Ta Gefen Hoto?

  Allah Ya jiƙan waɗanda aka faro tafiyar nan da su amma ba su kawo yau ba.

Da kwamitin biki suka ce in rubuta wani abu na tarihi, na yi niyyar bin tarihin ƙungiya daki-daki: yadda aka fara zubi, yadda aka yi rajista, yadda aka ba da rancen farko. Sai na tuna duk wannan yana cikin littafin sakatariya, kuma za a karanto shi a wurin taro. Shi ya sa na nemi izini in ɗan koma baya, in yi maganar wani abu da kusan kowacce a cikinmu take da shi a ƙasan akwati, wato tsofaffin hotunan gida, da abin da muke asara idan muka bar su babu suna.

Abin da muka tarar a adaka

Kakata ta wajen uba ta yi tsawon rai, har mahaifina ya riga ta rasuwa. Bayan an share makokinta aka buɗe adakarta don rabon kaya. Can ƙasa, ƙarƙashin wani tsohon zane saƙi da ba mu taɓa ganin ta ɗaura ba, muka tarar da ambulan, a cikinta hoto guda fari da baƙi. Bai wuce girman tafin hannu ba, kuma gara ta ɗan ci kusurwa ɗaya. Mata biyar ne a tsakar gida, uku zaune a tabarma, biyu a tsaye. A gabansu an jera kwalaben man gyaɗa da ƙwarya cike da ƙuli-ƙuli. Kakata ce a tsakiya, da sauran ƙuruciyarta, fuskar da ni ban taɓa saninta da ita ba. Nan take aka gane abokiyar zamanta, da ƙanwarta, da matar ƙanin kakanmu. Saura ta biyar: doguwa, tana tsaye a gefe, da tsage a kumatu, ta ɗora hannu a kafaɗar kakata irin yadda mutum ke yi wa nasa.

Na juya bayan hoton, ko ɗigon tawada babu. Na kai wa gwaggona.

"Gwaggo, wace ce wannan ta gefe?"

Ta matso da hoton kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. "Allah sarki! Ai Uwar Adashi ce."

"To, sunanta fa?"

"Ke 'yar nan, wa ya isa ya kama sunanta? Mu dai Uwar Adashi muka tashi muka ji ana cewa."

Abin da ya rage mana ke nan na mace guda: fuska da laƙabin aiki. Zan dawo kanta. Amma bari mu fara duba yadda kakanninmu suke riƙe asali tun kafin a san wani abu wai shi hoto.

Kafin zuwan hoto

Mutumin da yana ɗauke da takardar shaidarsa a fuska. Tun yana jariri wanzami zai yi masa tsagen gidansu, saboda haka ko a Salaga ko a Agadas aka gamu da shi, kallo ɗaya ya isa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan Babarbare. A zamanin yaƙe-yaƙe da hari, da tsage ake gane yaron da aka sace a je a fanso shi. Yau tsage ya kusa ƙarewa, kuma ba mai cewa a dawo da shi. Sai dai da ya tafi, ya tafi da wata irin rajista.

Suna ma rajista ne. In kin ji Gambo, kin san tagwaye aka bi. In kin ji Kande ko Delu, mace ce da ta zo bayan maza. Tanko kuwa namiji ne bayan mata. Azumi ta faɗa miki watan haihuwarta, Talatu da Laraba da Asabe sun faɗa miki rana. Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu, an ce mata Gambo ne don ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ita kuma ta zama 'yar Zariya gaba da baya, ta sha ɗauri a kan 'yancin matan Arewa. Kun ga a suna ɗaya an samu labarin gida da na ƙasashe biyu.

Haka unguwannin birnin Kano. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi inda Yarabawa suka sauka, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna: kowane suna yana gaya mana daga ina mutanen farko suka zo. Fataken goro da suke bin hanyar Gwanja, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da asali suke gane juna har su amince wa juna da bashi a ƙasar da ba tasu ba. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga gidan Agalawa ya fito. Ko wasan da muke yi a bakin kasuwa, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, ba ya yiwuwa sai ka san kai wane ne.

Sannan akwai baki. Wadda ta taɓa zama gidan biki ta ji zabiya ta ɗauko amarya tana jero mata iyaye da kakanni, har tsofaffi su fara share hawaye suna kwance bakin zane, ta san abin da nake nufi. Akwai kuma rubutu, amma shi gidajen sarauta da na malamai ya fi zama. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda. Abin da ya burge ni da shi, kusan kowane sarki sai an faɗi sunan mahaifiyarsa. Da haka muka san Hauwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, uwar magajinsa Abdullahi, mace mai faɗa a ji a fada. Shekara fiye da 500 ke nan sunanta yana nan. Mu kuwa matar da ta riƙe kafaɗar kakarmu jiya-jiya mun rasa sunanta.

Yadda akwatin hoto ya iso mana

A 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Ta riga zuwa garuruwan bakin teku irin su Legas, mu nan Arewa kuwa ba ta zauna sosai ba sai da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Hotunan farko su suka ɗauka, kuma abin da ya dame su suka ɗauka: sarakuna, dakaru, ganuwa, kasuwa, raƙuma. Duk wadda ta je Gidan Makama ta ga irinsu. Ku lura da rubutun da ke ƙasan irin waɗannan hotuna. Sarki yana da suna, Bature yana da suna. Talaka kuwa sai dai a ce mai rini, ko mai tallar nono, ko wata mace tana kaɗi. Kakar wani ce fa wannan macen, amma ba wanda ya tambaye ta sunanta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, baƙi daga Kudu suka zo da sana'o'insu, har da ɗaukar hoto. Manyanmu suna tuna akwatin nan mai ƙafa uku, mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ce kada ka motsa. Shi ya sa kuke ganin mutanen da a hoto sun ƙame, ba dariya. Jirgin nan shi ya kawo cinikin gyaɗa, gyaɗa ta kawo dalar buhuna da duniya ta san Kano da ita. Hotunan dalar gyaɗa sun cika littattafan makaranta, ga leburori da buhu a ka. Amma wa ya ɓare gyaɗar kafin ta shiga buhu? Mata ne, a turmi, a cikin gida. Wa ya soya, ya matse mai, ya yi ƙuli-ƙuli da tunkuza? Mata. Ba su fito a hoton ba.

Dalili a fili yake. Masu hoto maza ne, matan birni kuwa suna kulle, baƙon namiji ba ya wuce zaure. Saboda haka a gidaje da yawa hoton kaka ɗaya tak ake da shi, na fasfon aikin Hajji, bayan da jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950. Kafin nan a ƙasa ake tafiya, shekara da shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun ci gaba da tafiya gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Idan kin tarar da hoton wani baƙon dattijo da rawani irin na Sudan a akwatin gidanku, ko na wata mata da hatimin mai hoto na Kumasi a bayansa, kada ki yar. Wataƙila reshen gidanku ne da ya yi nisa, hoton kuma shi ne wasiƙar da suka aiko don kada a manta da su.

Me ya sa sunan mace yake riga ɓacewa

Abu biyu suka haɗu. Na farko, ta wajen uba ake ƙirga asali. Tambayi ɗanki sunan kakan babansa, zai iya faɗa. Tambaye shi sunan kakar mamarsa, ki ga ya yi shiru. Na biyu, kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan fari, ba ta kiran na suruki, har wanda ya ci sunan surukin sai an saya masa laƙabi. Yaro kuwa bai isa ya kama sunan babba ba. Tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita. Amma ga abin da take haifarwa: mace ta shiga gida amarya, ta zama Inna, ta zama Hajiya, ta zama Hajiya Babba, ta rasu, jikokinta ba su taɓa jin sunanta na yanka ba. Waɗanda suka sani tsararrakinta ne, su ma suna bin ta ɗaya bayan ɗaya.

Matan da sunansu ya tsira, ku duba, rubutu ne ya tsirar da su. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta da hoto ko ɗaya, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajjai suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Har yau ana kiran makarantu da sunanta.

Wadda ta fi kama da kakanninmu ita ce Baba ta Karo. Ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce. An haife ta a 1877, danginta Barebari ne manoma a kudancin ƙasar Kano. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Ta faɗi aurenta huɗu, da ƙawayenta, da sana'o'in mata, da yadda mahara suka kama mutanen gidansu aka je aka fanso su. Baba ba ta haihu ba, ta kuma rasu a 1951, littafin bai fito ba sai 1954. Ga macen da ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba, amma yau ana karanta ta a jami'o'in duniya. Abin da ya bambanta ta da dubban tsararrakinta shi ne an samu wadda ta zauna, ta tambaya, ta rubuta.

Yadda muka gano ta

Na koma wa gwaggo da hoton sau uku. Ashe hoto yana buɗe bakin tsoho yadda tambaya ba ta yi. Ta tuna cewa ƙanin kakanmu, ma'aikacin reluwe, shi ya aro kyamara wurin abokin aikinsa, shi ya sa aka iya ɗauka a cikin gida. Na ce yaushe? Ta ce ita ba ta san shekara ba, amma lokacin ne Sarauniyar Ingila ta zo, zamanin Sarki Sanusi, don ta tuna an hana su fita kallo ta yi ta kuka. To, Sarauniya ta zo Najeriya a farkon 1956. Shekara ta fito ke nan.

Wannan dabara ce da kowa zai iya amfani da ita. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Samun 'yancin kai, 1960. Naɗin Sarki Ado Bayero, 1963. Rasuwar Sardauna, Janairun 1966. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi, 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1 ga Janairu 1973. Kisan Janar Murtala, Fabrairun 1976. Fashewar madatsar Bagauda, 1988. Shi kansa hoton yana da shaidu: zanen saƙi ne ko atamfa, gyale ne ko hijabi, jeren ɗakin ƙwarya ne ko tasa ko kwano ko tangaran.

Tsagen fuskar matar na Barebari ne. Da wannan, da laƙabinta, na je wurin wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta haura shekara 90. Idonta ya tafi, sai dai na kwatanta mata.

"Iya, doguwa ce, da tsagen Barebari, ana ce mata Uwar Adashi."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ke ba ki san uwar ubanki ba?"

Na ce, "Iya, ai kakata ita ce ta tsakiya."

Ta ce, "Wannan ta haife shi, waccan ta shayar da shi. Kakarki ta kwanta ciwo bayan haihuwa, wata da watanni ba ta san inda kanta yake ba. Wannan baiwar Allah tana goyon 'yarta, ta haɗa su biyu ta shayar."

Jikina ya yi sanyi. Ashe mahaifina yana da uwa ta biyu, yana da 'yan uwa na shayarwa, mu ba mu sani ba. Bayan mijinta ya rasu ta koma wata unguwa wurin ɗanta, zumunci ya yi ta ja baya har ya tsinke. Muka bi sawu, muka sami 'yar nan da aka shayar da su tare tana raye a Fagge. Da na miƙa mata hoton ta rungume shi a ƙirji, don ita ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya. Daga bakinta na ji sunan. Ba zan sa shi a nan ba tunda ban nemi izininsu ba, amma yana nan a bayan hoton, da fensir.

Ita ce ta gaya mini yadda mahaifiyarta take riƙe adashin mata fiye da goma, ba littafi ba biro. 'Yan talla ke kawo zubi daga gida-gida, ita kuma tana jan layi da gawayi a bangon ɗaki, ba a taɓa jin kwabon wata ya yi ciwon kai ba. Gwamnatin Turawa ta yi dokar ƙungiyoyin gama-kai a 1935, amma ba doka ce ta koya wa matan nan amana ba. Abin da muke yi yau da rasit da asusun banki, jikan wancan layin gawayi ne.

Amfanin sanin asali

Wata za ta ce, to, duk wannan na mene ne, wanda ya mutu ai ya mutu. Ga amsata.

Na farko, shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. 'Ya'yan matar nan maza baffanninmu ne a shari'a. Da ƙaddara ta haɗa ɗayansu da ni ko yayata, wa zai tsayar? Ba a rubuta shayarwa a ko'ina, a kan mata kawai take zaune. In suka tafi da ita, ta tafi.

Na biyu, gado. Sau nawa muka ga an je gaban alƙali a kan gida ko gona, ana neman wanda zai tabbatar da cewa wance 'yar wane ce, an rasa? Galibi kuwa rabon mace ne yake salwanta, musamman wadda aure ya kai wani gari.

Na uku, lafiya. In likita ya tambaye ki ko akwai hawan jini ko ciwon suga a danginku, tarihi yake tambaya. Sikila ta fi kowanne. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mu kuwa muna auren zumunci. Kakar da aka ce ta haifi tara, biyar sun koma suna ƙanana da ciwon ƙashi, labarinta gargaɗi ne ga jikoki. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure, amma tun kafin a je asibiti ya kamata gida ya san kansa.

Sai dai in ja kunnenmu. Sanin asali ba don tinƙaho ba ne, ba kuma don a goranta wa wani ba. Wanda ya tona da gaske zai tarar da abin da bai zata ba. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, kuma gidaje da yawa, har manya, suna da kakar da aka kawo daga nesa aka sauya mata suna. Sarakuna da dama 'ya'yan sa-ɗaka ne. Irin wannan kaka ita ta fi cancanta a nemo sunanta a yi mata addu'a, don ita aka raba da kowa nata. Wanda ya san cewa jininsa ya haɗa Babarbare da Banufe da Bamaguje, bakinsa zai yi nauyin cewa wani ba shi da asali.

Abin da za mu yi

Kowacce ta je ta buɗe akwati a makon nan, kada a ce sai an samu sarari. Ki ɗauki hotunan ki kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ki zauna, ki kunna rikoda ta waya. In kunya ta hana ta kama suna, ki ce ta faɗa wa jika, ko ta ce mai sunan wance.

A bayan kowane hoto a rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba da na uwa, da gari da unguwa, da sana'a, da shekara ko abin da ya faru a shekarar. In mutane suna da yawa a bi su daga dama zuwa hagu. Da fensir za a rubuta, a hankali, don tawadar biro tana ratsa takarda. Kada a kai tsohon hoto a manne shi da leda mai zafi, in ya lalace a ciki ba ya ɓantaruwa. A sa a ambulan, a ajiye inda danshin damina da gara da rana ba sa kaiwa. A ɗauki kowanne da waya, gaba da baya, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku, don gobara da ambaliya ba sa sallama.

Hotunan waya ma a kula. Muna da dubbai, amma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a kasuwa, shi ke nan. A zaɓi goma masu muhimmanci duk shekara a wanke su a takarda. Kuma a kiyaye mutunci: hoton da iyayenmu suka ɗauka a cikin gida ba lulluɓi, ba na sawa a WhatsApp ba ne don duniya ta gani.

Na san akwai gidajen da ba a rataya hoto saboda fatawar malamai, wannan kuwa fagensu ne, ba nawa ba. Wadda zuciyarta ba ta natsu da ajiye hoto ba, roƙona ta kwafe sunaye da bayanin a littafi kafin ta rabu da shi, ko ta miƙa wa ɗan uwan da zai adana.

Ga kwamiti kuma ina da shawara. Muna da hotunan tarurrukanmu na farko, kuma na tabbata ko yau aka ɗora su a tebur za a sami fuska ɗaya ko biyu da za mu yi ta gardama a kansu. Mu zauna da iyayenmu da suka kafa ƙungiyar nan tun suna tare da mu, a rubuta sunan kowacce. Hoton da za mu ɗauka a wannan biki ma, kada a tashi sai sakatariya ta bi layi ta rubuta cikakken sunan kowa, har da sunan mahaifiyarta. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, tana bayan takardar naira 20 tana aikinta, kuma an rubuta sunanta a jiki, shi ya sa yaran makaranta suka san ta. Mu ma wata rana jikar wata za ta ɗaga hotonmu ta ce, "Wace ce wannan ta gefe?" Mu bar mata amsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya bar zumunci. Amin.